Nauyin Gaɓa a Waƙoƙin Majami'a

Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Miller na Zariya ya sha wahalarsa, karatu a majami'a ya zo da sauƙi. Waƙa ce ta ƙi daɗi. Dalili kuwa, yawancin waƙoƙin sujada na farko fassara ce aka ɗora bisa muryar Turawa, alhali waƙar Hausa nauyin gaɓa take bi. In baƙuwar murya ta ja sassauƙar gaɓa, sai ma'ana ta gurɓace. Alal misali, garin da ake zama ya koma garin tuwo. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata sun kauce wa wannan, domin da Hausa suke ƙaga waƙa tun farko, da amshinta, da kiɗan tulu, har wanda bai iya karatu ba ya karɓa.