Farin tabon da ruwa yake bari a jikin mota

Ranar Lahadi kasuwar Tawa take ci. Tun da sassafe motoci da babura suke tasowa daga Afala da sauran garuruwan arewacin Adar, ɗauke da mutane da bisashe da kaya. Kafin tafiya, yaran mota sukan wanke motocinsu a bakin rijiya ko famfo. Amma da zarar ruwan ya bushe, sai farin ɗigo-ɗigo ya fito a kan gilashi da fenti. Ko an sake wankewa, tabon yana nan.

Daga ina tabon yake fitowa?

Tabon nan garin dutse ne. Ƙasar Adar tana da dutsen farar ƙasa da yawa. Shi ne ake haƙa a Malbaza ana yin siminti da shi. Ruwan sama idan ya nutse cikin ƙasa, yana bi ta cikin wannan dutse, yana narkar da shi kaɗan-kaɗan. Saboda haka ruwan rijiyoyi da yawa yana ɗauke da farar ƙasa, ko da ido yana ganinsa garau. Masana suna kiran abin da ya narke a ciki kalsiyom da magneziyom.

Mata sun san irin wannan ruwa. Sabulu ba ya yin kumfa sosai a cikinsa. Masu shayi ma sun san shi, domin yana barin farin ɓawo a gindin buta.

Abin da yake faruwa cikin buta, shi ne yake faruwa a jikin mota. Rana tana shanye ruwan, amma ba ta ɗauke dutsen. Kowane ɗigo da ya bushe yana barin zobensa. A watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a Tawa. A lokacin, ƙarfen mota yana busar da ruwa tun kafin a kai ga goge shi.

Ina illarsa?

Da dare, hasken motar da take tahowa yana bugun tabon, ya watsu a kan gilashi. Idon direba ya rufe. Ba ya ganin amalanke, ko jaki, ko yaro a gefen hanya. Tabo a kan fitila kuma yana rage haskenta.

Idan tabon ya daɗe yana shan rana, yana cin fenti, har ya ci gilashi. Ranar da mai mota zai sayar da ita, kuɗinta ya ragu.

Maganinsa tsami ne

Tsami yana narkar da farar ƙasa. Mai son gani da idonsa ya ɗiga ruwan lemun tsami a kan ɓawon buta. Zai ga yana ƴar kumfa. Dutsen ne yake narkewa.

Abin da ya fi dacewa shi ne farin binegar, wanda ake sayarwa cikin kwalba a kanti. Idan babu, a matse lemun tsami, a tace shi. Ga yadda ake yi:

1. A kai motar inuwa, a jira ƙarfenta ya huce.
2. A zuba ruwa a kore ƙura tukuna, sannan a wanke da sabulu. Goge busasshiyar ƙura yana karce fenti.
3. A haɗa kofi 1 na binegar da kofi 1 na ruwa.
4. A jiƙa tsumma mai laushi, a shimfiɗa shi a kan gilashi kamar minti 5, sannan a goge.
5. A kan fenti, a fara gwadawa a wani ɓoyayyen wuri. Kada tsamin ya wuce minti 1 ko 2. Kada a bari ya bushe.
6. A ɗauraye da ruwa mai yawa.
7. A tsane nan take da busasshen tsumma mai tsabta.

Idan tabon bai fita duka ba, a sake sau ɗaya ko sau biyu. Wanda ya ƙi fita bayan haka, ya riga ya ci jikin fenti ko gilashi. Sai a kai motar garaji, wurin masu fenti.

Abubuwan da ba a yi

Ba a dirza gilashi da yashi, ko toka, ko soson ƙarfe. Tabo yana fita, amma karce ba ya fita. Kanwa ba ta da amfani a nan, domin ba ta da tsami. Ruwan batir kuwa haɗari ne babba. Yana ƙona fenti, yana ƙona hannu, yana makantar da ido.

Rigakafi ya fi magani

A wanke mota da sanyin safiya ko da marece. A bi ta gefe-gefe: a wanke gefe ɗaya, a tsane shi, sannan a koma ɗayan. Ruwan da aka goge kafin ya bushe ba ya barin tabo.

Ruwan sama ba shi da farar ƙasa, domin bai bi ta cikin dutse ba. Da damina, mai mota ya tara shi cikin jarka mai murfi, ya tace. Da shi zai yi ɗauraya ta ƙarshe. Shi ne kuma ya fi ruwan rijiya kyau idan za a ƙara wa lagireto ruwa, domin farar ƙasa tana toshe ƙananan hanyoyinsa, inji ya riƙa zafi. Batir kuwa, sai tataccen ruwan da ake sayarwa dominsa.

Wannan darasi ya shafi wanda ba shi da mota ma. Gidaje da yawa suna da faifan hasken rana na cajin waya da kunna fitila. Fuskarsa gilashi ce. Tabo da ƙura suna rage wutar da yake bayarwa. A wanke shi da safe kafin ya yi zafi, a tsane shi.

Tambayoyi domin masu karatu a cibiya

1. Me ya sa ruwan rijiya yake barin tabo, ruwan sama ba ya bari?
2. Me ya sa ba a wanke mota cikin rana?
3. Waɗanne abubuwa ne ba a goge gilashi da su?
4. Wace rijiya ce a gari ta fi barin ɓawo a buta? A gwada a gani.

Lissafi: Direba yana son haɗi na lita 3. Rabi binegar, rabi ruwa. Lita nawa na binegar zai saya?