Darasin Kasuwanci: Matakan Farko Na Kyautata Aiki Da Tabbatar Da Ingancin Kaya

JALINGO: Duk ɗan kasuwar da aka taɓa dawo masa da kaya bayan ya riga ya ƙirga ribarsa ya san ɗacin da ke cikin wannan al'amari. Ga kuɗin mota na kaiwa da komowa, ga ladan 'yan dako sau biyu, ga ragin da zai yi kafin wani ya yarda ya karɓi kayan, sannan ga babbar hasarar da ba ta shiga littafi, wato mai sayen da ya tafi bai ce uffan ba, kuma ba zai sake waiwayowa ba. Wannan darasi an shirya shi ne domin wanda bai taɓa karanta ilimin kyautata aiki da kula da inganci ba, amma yana son ya fara. Za mu ɗauki misalinmu daga sana'ar casar shinkafa, saboda jihar Taraba, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar jihar Gongola a ranar 27 ga Agustan 1991, tana cikin jihohin da ke noma shinkafa mai yawa, musamman a fadamun kogin Binuwai na ƙananan hukumomin Lau da Karim Lamido da Gassol da Ibi.

Me ake nufi da inganci?

A wurin masana wannan fanni, kaya mai inganci shi ne wanda ya dace da abin da mai saye ke bukata, kuma ya dace da shi a kowane lokaci. Wannan sharaɗi na biyu shi ne ya fi wuya. Mai injin da buhunsa na yau ya yi kyau, na gobe kuma ya zo da tsakuwa, bai kai ga inganci ba tukuna, domin uwargida da mai sayar da abinci ba za su iya dogara da shi ba.

Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, jama'a da yawa sun koma ga shinkafar gida, kuma kukan da aka fi ji shi ne na tsakuwa da karyewa. A ɗaya ɓangaren kuma, a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda an samu ragowar maganin ƙwari, irin wanda jama'a ke kira fiya-fiya, fiye da ƙimar da aka yarda da ita, sannan a 2016 ta ƙara wa takunkumin shekara uku. Abin da wasu suka yi a rumbunansu ya rufe wa kowa kasuwa. Ke nan maganar inganci magana ce ta kuɗi da mutunci, a gida da waje.

Inda ilimin ya samo asali

A shekarar 1924 wani masani ɗan Amurka mai suna Walter Shewhart ya fito da wata taswira ta bibiyar yadda aiki ke sauyawa daga rana zuwa rana. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1950, W. Edwards Deming ya koyar da wannan tsari ga injiniyoyi da shugabannin kamfanonin Japan, sai kuma Joseph Juran ya bi bayansa a 1954. A wancan zamani ana yi wa kayan Japan kallon na arha marasa ƙarko, amma cikin kimanin shekara talatin sai motocinsu da rediyoyinsu suka zama abin misali a duniya. Jigon koyarwar shi ne cewa a lokacin aiki ake gina inganci, domin tsince gurɓatacce a ƙarshe yana zuwa ne bayan an riga an kashe kuɗi wajen yin sa. Hausawa ma sun riga sun faɗa, tun ran gini tun ran zane.

Mai farawa ba ya bukatar kwamfuta ko wani ƙwararre daga Legas. Littafin rubutu da alƙalami da sikeli mai gaskiya sun ishe shi ya bi matakai biyar da za mu kawo. Domin bayani ya fito fili, mu ƙaddara cewa akwai wani mai ƙaramin injin casar shinkafa a unguwar Turaki cikin garin Jalingo, wanda ke ɗura shinkafarsa a buhu mai kilo 50 yana kai wa 'yan kasuwa. Alƙaluman da za mu ba shi duk na misali ne.

Mataki na farko: rubuta yadda aikin ke tafiya

Mai injin zai zauna da ma'aikatansa su jera kowane hannu da shinkafar ke bi: sayen shanshera a kasuwar ƙauye, ɗauko ta, wankewa da jiƙawa, turarawa, shanya, casa, bushe ɓuntu, tsincewa, awo, ɗinke buhu, ajiya, sai lodi. A gaban kowanne a rubuta wanda ke yin sa, da tsawon lokacin da yake ɗauka, da inda kaya ke tsayawa suna jira. Wajibi ne a rubuta abin da ake yi a zahiri, ko da ya saɓa da abin da maigida ke zato. Sau da yawa a nan ne mai sana'a ke fara gano cewa ana ɗaga buhu ɗaya sau biyar ko shida ba tare da dalili ba. Taiichi Ohno na kamfanin Toyota ya lissafa ɓarna iri bakwai a wurin aiki, daga cikinsu akwai jira, da ɗaukar kaya daga nan zuwa can ba bisa larura ba, da tara kaya fiye da bukata, da kuma sake yin aikin da ya lalace.

Mataki na biyu: ƙirga kafin yanke hukunci

Har tsawon wata guda, duk kukan da mai saye ya kawo a rubuta shi tare da kwanan wata da irinsa. A ce a ƙarshen wata an samu koke 40: na tsakuwa 22, na karyayyar ƙwaya 9, na wari 5, na rashin cikar awo 3, na yagewar buhu 1. Idan aka jera su daga babba zuwa ƙarami, za a ga tsakuwa da karyewa kaɗai sun ɗauki 31 daga cikin 40, wato fiye da kashi uku cikin huɗu. Wannan shi ne abin da Juran ya kira ƙa'idar Pareto, da sunan wani masanin tattalin arziki ɗan Italiya: 'yan dalilai kaɗan ne ke haddasa mafi yawan matsaloli. Saboda haka mai injin zai ajiye batun buhu a gefe, ya fuskanci tsakuwa, ko da kuwa wanda buhunsa ya yage shi ne ya fi ɗaga murya.

Mataki na uku: bin matsala har saiwarta

Akwai hanya mai sauƙi da ta shahara a Toyota, wato a yi ta tambayar "me ya sa" har kamar sau biyar. Me ya sa ake samun tsakuwa? Saboda ana shanya shinkafa a ƙasa ko a gefen titi. Me ya sa ake shanya ta a can? Saboda matan da ke turarawa ba su da isassun tamfol. Me ya sa ba su saya ba? Saboda ladan buhu ɗaya ake biyan su, ya zo da tsabta ko bai zo da ita ba. Me ya sa ladan yake ɗaya? Saboda ba a duba kayan a lokacin karɓa. Me ya sa ba a dubawa? Saboda mai injin bai taɓa sa ma'auni ba. Mai karatu zai lura cewa tambayar ta faro daga masu shanya, amma ta ƙare a kan teburin maigida. Abin da Deming ya yi ta nanatawa ke nan, cewa mafi yawan kurakurai daga tsarin aiki suke fitowa, tsari kuwa a hannun shugaba yake, don haka korar ma'aikaci ko yi masa tsawa ba safai suke magance komai ba.

Idan dalilan suna da yawa, sai a yi amfani da zanen ƙashin kifi na Kaoru Ishikawa. Ana rubuta matsalar a wurin kan kifin, sannan kowace ƙaya ta ɗauki rukuni guda: ma'aikata, inji, kayan aiki, hanyar aiki, awo, da yanayin wuri. A batun karyewa, alal misali, ƙayar kayan aiki za ta ɗauki cakuɗa iri, domin idan aka haɗa doguwar ƙwaya da gajera babu saitin injin da zai dace da su duka. Ƙayar hanyar aiki za ta ɗauki shanya, domin ƙwayar da ta bushe da gaggawa a rana mai tsanani, ko ta sake shan danshi bayan ta bushe, takan tsage tun tana cikin ɓawonta, sai ta karye a inji. Masana aikin shinkafa sun nuna cewa danshin da ya dace da casa shi ne wajen kashi 14 cikin ɗari. Wari kuma yawanci daga daɗewar jiƙo a ruwan sanyi yake zuwa, har shinkafar ta fara tsami.

Mataki na huɗu: gwada gyara ɗaya a ƙaramin wuri

Wannan shi ne zagayen da ake dangantawa da Shewhart da Deming, mai gaɓa huɗu: a tsara, a gwada, a duba, a tabbatar. Mai injin zai zaɓi mata biyu daga cikin masu turarawa, ya ba su tamfol, ya yi musu alkawarin ƙarin lada a kan duk buhun da ya zo da tsabta. Har mako biyu, daga kowane buhu goma a ɗebi mudu ɗaya a baza a faranti a ƙirga tsakuwar da ke ciki, haka kuma a yi wa kayan sauran matan da ba su cikin gwajin. Idan bambanci ya bayyana, a faɗaɗa tsarin ga kowa. Idan bai bayyana ba, an yi hasarar tamfol biyu kawai, kuma an gane cewa tsakuwar tun daga masussuka take zuwa, sai a koma kan wanki da wurin saye. Sharaɗin shi ne kada a sauya abu biyu a lokaci guda, domin in an yi haka ba za a san wanne ya yi aiki ba. Da wannan lissafi ne kuma mai sana'a zai san ko lokacin sayen injin tsince tsakuwa ya yi, da kuma watannin da zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa.

Mataki na biyar: riƙe abin da aka samu

Gyaran da ba a rubuta ba yakan tafi tare da ma'aikacin da ya san shi. A rubuta sabuwar hanyar a takarda guda cikin harshen da ma'aikata ke ji, a manna a bango, a koya wa duk sabon da ya zo. Bayan haka a ci gaba da awo. Kowace safiya a auna buhu biyar a rubuta nauyinsu. Idan kullum suna tsakanin kilo 49.8 da 50.2, wannan ɗan sauyi ne na yau da kullum, kuma taɓa sikeli saboda shi zai ƙara rikita aiki ne. Ranar da aka ga 48.5 kuwa, lalle wani abu na daban ya faru, sai a tsaya a bincika nan take. Wannan rarrabewa ita ce amfanin taswirar Shewhart. Ya kamata kuma a sani cewa wuce awo ma hasara ce: ƙarin rabin kilo a buhu 200 ya zama kilo 100, wato buhu biyu cur da aka bayar kyauta ba da sani ba. Tauye awo kuwa, ban da hasarar ciniki, abu ne da addini da doka suka hana.

Batun hukumomi da takardar shaida

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, wadda aka kafa a 1971, ita ce ke shata ma'aunin kayan masana'antu, kuma tana da tsarin MANCAP na tantance kayan da ake ƙerawa a cikin gida. Hukumar NAFDAC, wadda dokar soja mai lamba 15 ta 1993 ta kafa, ita ce ke rajistar abinci da magunguna da ruwan sha da ake ƙunshewa domin sayarwa. A matakin duniya akwai ma'aunin ISO 9001, wanda ya fara fitowa a 1987, aka yi masa gyara a 1994 da 2000 da 2008 da 2015. Abin da takardar ISO 9001 ke shaidawa shi ne cewa kamfani yana da tsarin kula da inganci a rubuce kuma yana bin sa. Saboda haka wanda ya saba da matakai biyar ɗin nan ya riga ya aza harsashin abin da masu tantancewa za su nema, wanda kuma ya fara da neman takarda alhali wurin aikinsa na nan yadda yake, zai kashe kuɗi ne a kan abin ratayewa a bango.

Aikin gwaji

Waɗannan matakai ba na masu shinkafa kaɗai ba ne. Mai gidan burodi zai ƙirga burodin da ya ƙone ko aka dawo da shi, tela zai ƙirga ɗinkin da aka warware da alkawarin da ya saɓa, mai ruwan leda zai ƙirga ledojin da suka fashe, mai buga bulo kuma waɗanda suka karye a lodi. Muna ba mai karatu shawarar ya buɗe littafi tun daga ranar kasuwa mai zuwa, ya raba shafi gida huɗu: kwanan wata, irin matsala, inda ta faru, da abin da ta ci na kuɗi. Kada ya gyara komai, kada kuma ya zargi kowa har sai kwana talatin sun cika, domin ma'aikacin da ke tsoron faɗa ɓoye kuskure zai yi, littafin kuma ya zama na ƙarya. A rana ta talatin ya tara ma'aikatansa, su jera matsalolin daga babba zuwa ƙarama, su ɗauki ta farko su fara tambayar me ya sa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.