Baƙin Allo Bayan Ɗora Linux: Abin Da Masu Shagunan Kwamfuta Za Su Duba Kafin Su Kashe Kuɗi

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wannan lamari ya shafi masu shagunan buga takardu a Azare, hedikwatar masarautar Katagum, waɗanda cinikinsu ya dogara ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ma'aikatan asibitin tarayya. Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce komawa ga Linux, manhajar kyauta da Linus Torvalds na ƙasar Finland ya soma a 1991. Sai dai akwai cikas guda: a kan ɗora Ubuntu ko Linux Mint, a kunna na'ura, allo ya yi baƙi ƙirin.

Sau da yawa katin hoto, wato sashen da ke aika hoto zuwa allo, lafiyarsa ƙalau. Laifin na direba ne, ƙaramar manhajar da ke sada katin da Linux. Direbobin Intel da AMD suna zuwa a cikin Linux, amma na kamfanin NVIDIA sai an ɗora shi daban.

Mataki na farko shi ne a lura da allon lokacin kunnawa. Idan tambarin kamfanin da ya ƙera na'urar ya bayyana kafin allon ya ɗauke, katin yana aiki. Idan kuwa ba a ga komai ba, sai a duba wayar allo, a kuma share ƙurar hunturu da ke toshe fankar katin.

Mataki na biyu, a sake kunnawa ana danne da Shift, ko ana taɓa Esc, har jerin GRUB ya fito. A danna harafin e, a nemi layin da ya fara da linux, a ƙara nomodeset bayan quiet splash, sannan a danna F10. Na'urar za ta buɗe da hoto mara kyau. Wannan gyara na kunnawa ɗaya ne kawai, domin a samu shiga.

Mataki na uku, a buɗe Terminal a rubuta lspci, a karanta layin da ke ɗauke da VGA domin sanin sunan katin. Idan NVIDIA ne, mai Ubuntu ya rubuta sudo ubuntu-drivers install, mai Linux Mint kuma ya buɗe Driver Manager ya zaɓi wanda aka ba da shawara a kai. Aikin yana cin data, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyarsa tana iya ɓata shi, don haka a tanadi janareta ko batir.

Idan direban ya ƙi tashi bayan haka, a duba Secure Boot a cikin saitin na'urar, domin yana hana direban da ba a yi wa rajista ba. Katunan NVIDIA da suka tsufa ƙwarai kuwa, kamfanin ya daina sabunta direbansu, sai a bar su a kan nouveau, direban kyauta wanda ya isa ga buga takardu.

Daga ƙarshe, duk ɗan kasuwar da zai sayi kwamfuta ta hannu, ya dace ya tafi da filashi mai ɗauke da Linux, ya kunna na'urar da shi a gaban mai sayarwa ba tare da ya ɗora ba. Idan hoto ya fito tsaf, sai a yi ciniki.