Safi Faye, Mai Shirya Sinima

Kun taɓa kallon majigi? To, kafin hoto ya fito a bango, sai wani ya rubuta labarin, ya kuma nuna wa 'yan wasa abin da za su yi. Wannan shi ne aikin Safi Faye, mutuniyar ƙasar Senegal.

An haife ta a Dakar cikin 1943. Da fari malamar makaranta ce, daga baya ta tafi Faransa ta koyi shirya sinima.

Cikin 1975 ta fito da Kaddu Beykat, watau "Muryar Manomi". A ƙauyen iyayenta ta ɗauki hoton, mutanen ƙauyen kuwa su ne 'yan wasan. Labarin wani saurayi ne, Ngor, wanda ya ke son aure amma ya rasa sadaki, don fari ya ɓata amfanin gona, gyaɗar da su ke nomawa kuma ba ta da daraja. Tilas ya tafi birni neman kuɗi. Duk ɗan manomi ya san irin wannan wahala.

Hukumar Senegal ba ta ji daɗin maganar ba, sai ta hana nuna shi a ƙasar. Amma a Turai aka nuna shi, har ya sami lambar yabo. Safi ba ta bar aikin ba. Ta rasu a Paris cikin 2023.