Darasin Haske: Yadda Leza Ke Cin Ƙarfe

'Yan'uwana malamai, ga wani darasi da na kan koya wa 'yan ajina a Shehuri, cikin Maiduguri. Ba ya bukatar kome sai gilashin ƙara girma da takarda biyu, fara da baƙa.

A fita da yara waje da tsakar rana, a tara hasken rana da gilashin ya zama ɗigo guda bisa kowace takarda. Baƙar za ta riga kama wuta, domin ita shanye hasken ta ke yi, farar kuwa mai da yawancinsa baya ta ke yi. Daga nan sai in kawo musu zancen leza.

Leza, watau na'urar da ke tsuke haske ya fita siriri da ƙarfi ƙwarai. Theodore Maiman ya fara ƙera ta a Amurka cikin 1960, da jan yaƙutu. A lokacin har masana kan gwada ƙarfinta da yawan rezar Gillette da ta iya hudawa.

To, waɗansu manyan leza masu yanka ƙarfe suna da madubin jan ƙarfe da ke juya hasken. Madubin ya kan mai da fiye da kashi 98 cikin 100, ɗan ragowar da ya sha shi ke yin ɓarna. Maƙeri a hankali ya ke zuga wuta, zafi ya bi ƙarfen duka. Leza kuwa wuri guda ta ke zuba zafinta, kafin ya bazu wurin ya kai digiri 1085, ya narke. Kadan zafin ya daɗu sai ƙarfen ya tafasa, ya tashi kamar tururi, ya bar ɗan rami. Ramin nan ya fi sauran fuskar madubin shan haske, kamar baƙar takarda, saboda haka kullum ƙara girma ya ke yi har madubin ya lalace. Ƙura kaɗan, irin ta hunturunmu, ko shaidar yatsa, ta isa ta soma ramin. Shi ya sa a ke sanyaya madubin da ruwa, a ke kuma tsabtace shi sosai.

Lalle malami ya gargaɗi yara, kada kowa ya dubi rana ta cikin gilashin, ko ya haska wa wani leza a ido, ko da ta wasa ce. Abin da ya huda reza, ina ga ido?

A ƙarshe a tambaye su: don me baƙar takarda ta riga ƙonewa? Wanda ya amsa daidai ya gane darasin.