Darasi: Hukuncin akwatin sa'a a cikin wasannin bidiyo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, an sha tambayarmu game da wasannin da yara ke bugawa a salula da kwamfuta, shin halal ne ko haram. Ba a yi wa irin wannan tambaya amsa guda, domin wasannin ba iri ɗaya ba ne, kuma ba a hukunta abu sai an san yadda yake. Saboda haka muka ware mas'ala guda, wato abin da muka sa wa suna akwatin sa'a.

Sau da yawa wasan kansa kyauta ne, amma akwai kanti a cikinsa. Yaro zai sayi kuɗin wasa da kuɗinsa na gaske, ya biya a buɗe masa akwatin da bai san abin da ke ciki ba. Yana iya samun fitaccen ɗan ƙwallo ko makami mai wuyar samu, yana kuma iya samun tarkacen da yake da irinsu tuli. Na'ura ce ke zaɓa bisa lissafin da kamfani ya tsara. In bai dace ba, sai ya sake biya.

Mahukuntan ƙasashen waje sun yi saɓani a kansa. A watan Afrilu 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljik ta binciki wasanni huɗu, ta yanke cewa uku daga ciki, FIFA 18 da Overwatch da Counter-Strike, sun saɓa wa dokar caca, domin akwai kuɗin da aka zuba, akwai dogaro da sa'a, akwai ci ko asara. A watan Janairu 2019 kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin wasan FIFA a ƙasar. Amma a 2022 wata babbar kotu a Holan ta soke tarar da aka ci wannan kamfani, tana ganin akwatin yanki ne na wasan da ake ci da gwaninta. A shekarar ce kuma gwamnatin Ingila ta ƙi shigar da shi cikin dokar caca, inda mahukuntansu ke kafa hujja da cewa ba a musanya abin da aka ci da tsabar kuɗi. Ƙasar Sin kuwa tun 2017 ta wajabta wa kamfanoni su bayyana yawan damar samun kowane abu.

To, mu koma ga fiƙihu. Allah Ya haramta caca tare da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma siffofin da hukumar Beljik ta lissafa su ne malamanmu suka san caca da su. Hujjar Ingila ba ta gamsar da mu ba, don kuwa matasa na sayar wa juna asusun wasa da kuɗi, ko da kamfani ya hana. Amma a ɗauka mun sallama masu. Akwai wata ƙofa da ba su duba ba, ita ce garari, wato ciniki a kan abin da ba a san ainihinsa ko samuwarsa ba, kamar kifi a ruwa ko tsuntsu a sama. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari da cinikin tsakuwa, inda mai saye ke jefa tsakuwa, hajar da ta faɗa a kai ita ce tasa. Ba mu ga bambanci tsakanin tsakuwar nan da latsa akwati ba, sai dai ma mai tsakuwa yana ganin hajar da idonsa.

Wani zai ce ai Malikiyya sun yafe garari kaɗan. Gaskiya ne, kamar mai sayen gida bai ga harsashinsa ba. Amma an yafe shi ne don ba shi ake nufi da cinikin ba, kuma ba a iya kauce masa. A akwatin sa'a kuwa rashin sanin shi ne hajar. Bayyana lissafi irin na Sin ma bai kau da illar ba: wanda aka gaya wa sau ɗaya cikin ɗari ake dacewa, har yanzu bai san abin da kuɗinsa zai sayo ba.

Wanda ya sayi abu sananne a cikin wasa, da farashi sananne, kamar riga ko ƙarin mataki, mas'alarsa daban ce, ana duba ta ne ta fuskar almubazzaranci da abin da wasan ya ƙunsa. Haka akwatin da aka bayar kyauta, babu musaya a cikinsa, ko da yake muna tsoron shi ne tsabar da ake watsa wa kaza.

Sauran magana ga iyaye. A mazhabarmu cinikin yaro mai wayo yana ƙulluwa, amma ba ya zama tilas sai waliyyinsa ya amince. Uban da ya bar wa ɗansa salula da lambar sirrin asusunsa, jika ɗaya yau, jika biyu gobe, bai tambayi inda suka shiga ba, shi za a fara tambaya kafin yaron. Allah ne Mafi sani.