DARASIN KIWON BUROLA: GARI KO PELET? KUMA ME DUSA KE YI WA KAZA?



Darasin yau da aljihuna na biya kuɗin koyonsa. A zubi na biyu na burola da na yi a bayan gidanmu nan Fagge, abinci ya yi tsada, sai wani ya ba ni shawara: "Malam, sayi dusar alkama ka cakuɗa da finisha, buhu biyu su koma uku." Na bi. Kaji na ci ba ƙaƙƙautawa, ni kuma ina murna na yi dabara. Da suka cika sati 6 na kai samfur kasuwar Sabon Gari, mai saye ya ɗaga ɗaya, ya shafa ƙirjinta, ya ce, "Yallaɓai, ai wannan gashi ne da ƙashi." Sai da na ƙara sati 2 ina ciyar da su. Abin da na rage a buhu, ninkinsa na mayar.

Abu biyu na gane daga nan: siffar abinci, da yawan faibar da ke cikinsa.

1. SIFFAR ABINCI

Abincin burola iri uku ne a kasuwa: gari wanda ake kira mash, ɓarzajje wato kurambul, sai pelet mai kama da 'yan guntayen taliya.

Kaza tsince take yi. In ka zuba mata gari, za ta bi tsakin masara ta cinye, ta bar laushin a gindin mazubi. To a cikin laushin nan bitamin da ma'adinai suke. Manyan kajin su rigaya su kwashe tsaki, ƙananan su samu saura, shi ya sa kake ganin girmansu ya bambanta alhali rana ɗaya suka zo.

Shi pelet kowane ƙwaya ɗaya haɗin ne cikakke, babu abin zaɓe. Kaza na ƙoshi da wuri ta kwanta, ƙarfin da za ta ɓata wajen tsince ya koma nama, ɓarna ma ta ragu. Tururin da ake dafa shi da shi yana rage ƙwayoyin cuta irin su salmonela.

Amma fa a kula. Pelet ya fi tsada, kuma buhun da ya sha jifa daga mota zuwa baro yakan farfashe. Ɗebi kwano ɗaya ka tankaɗe a rariya. In gari ya yi yawa, kuɗin pelet ka biya, mash ka kai gida. Sannan kazar da ke saurin girma ta fi jin zafin Maris zuwa Mayu na Kano, don haka a lokacin a ba da abinci da sassafe da yamma, ruwa mai sanyi kuma kada ya yanke.

2. FAIBA

Faiba ita ce ɓangaren abinci mai kaushi, irin ɓawon hatsi, wanda cikin kaza ba ya iya narkarwa sosai. Akuya da saniya suna da tumbin sarrafa ta, kaza ba ta da shi.

Masara na da kusan kashi 2 cikin 100. Dusar alkama kusan kashi 10. Ɓuntun shinkafa kuwa ya kai wajen kashi 40. Burola tana son abincinta ya tsaya tsakanin kashi 3 zuwa 5, kuma ana rubuta adadin a takardar jikin buhu.

Ga lissafin kuskurena. Mu ce finishar na da kashi 5. Buhu biyu kilo 50 ke nan, na ƙara dusa kilo 25. Faiba ta tashi zuwa kusan kashi 7. Babbar asarar ma ita ce ƙarfin abinci, domin abin da kaza ke samu a dusa bai wuce rabin na masara ba. Ciki ya cika, jiki bai samu ba, kashi ya yi yawa, ɗaki ya jiƙe.

Wannan ba ya nufin faiba guba ce. 'Yar kaɗan mai kaushi tana sa ƙundu aiki, ya yi ƙarfi ya niƙa abinci da kyau, abincin ya daɗe ana narkar da shi. Shi ya sa garin da aka niƙa luƙwi kamar fulawa ba ya yi wa burola kyau. Amma wannan 'yar kaɗan ɗin tana cikin haɗin kamfani tun asali, ba sai ka ƙara ba.

3. ABIN DA NAKE YI YANZU

* Sati 2 zuwa 3 na farko: sitata kurambul, don bakin 'yan tsaki bai kai pelet ba.
* Daga nan pelet har sayarwa. Ina canjawa a hankali cikin kwana 3, ina gauraya tsoho da sabo.
* In sai mash kuɗina ya kai, ina zaɓar mai tsaki-tsaki, kuma ba na ƙara sabo sai sun cinye laushin.
* Masu haɗa nasu: in kun je Dawanau sayen masara da waken soya, ku murza dusar shinkafa a tafin hannu kafin ku saya. In tana suka, ɓuntu ne aka niƙa a ciki.
* Duk sati ina auna kaji 10 a sikeli, ina rubutawa.

Alƙalin gaskiya shi ne wannan lissafi: kilon abincin da suka ci, a raba da kilon nauyinsu. Misali kaji 100 sun ci buhu 16, wato kilo 400, nauyinsu duka kilo 220, ka samu 1.8, madalla. Irin su Cobb 500 da Ross 308 na iya wuce kilo 2 a sati 6 in an kula da su. In naka ya kai 2.5, leƙa mazubi ka ga abin da kake zuba musu.

Kada ka tambayi nawa ne buhu kawai, tambayi nawa kilo ɗaya na nama ya ci maka. Araha ba ta ado.

Allah ya sa wa kiwonmu albarka, amin.